Aminina Yana Tuƙi Zuwa Gadar Da Aka Rushe

Malama, ki taimake ni da shawara, don kaina ya ƙulle, kuma duk wanda zan kai wa wannan magana sai ta riga ni isa wurin aiki. Kada ki buga sunana. Dama yanzu ba wani suna ba ne.

Ni tsohon malami ne. Na koyar da lissafi har gashina ya yi fari, aka sallame ni da tafi da takardar yabo. Yau sintiri nake yi a filin wasan golf na wani kulob. In ba ki san wasan ba, ba ki yi asarar komai ba: manyan mutane ne ke dukan 'yar ƙwallo da sanda, suna bin ta daga rami zuwa rami a fili mai faɗin gaske. Saboda nisa, akwai 'yan motocin lantarki masu kujera biyu da rumfa, mu ma'aikata keke muke ce musu. Aikina in zagaya in ga kowa ya bi hanyar siminti, ba a hau lallausar ciyawar bakin rami ba, ba a sauka gangare a guje ba, an kuma danne birki kafin a sauka. Wanda ya ƙi ji, in kai shi gaban manaja a hana shi makullin keke. Haka doka ta ce. A aikace kuwa, waɗanda na sha ja wa kunne a aji su ne ke wuce ni, ƙafa ɗaya na lilo a waje, waya a kunne, mutum uku a mazaunin mutum biyu, su ɗago hannu su ce Malam ana fama. Ana fama kuwa. Amma ba don su na rubuto ba.

Ina da amini tun muna 'yan makaranta. Kowa Kyaftin yake ce masa, don ya taɓa shugabantar 'yan wasan kulob ɗin. A aji a bayana yake zama yana leƙen takardata, a rayuwa kuma ni na koma bayansa. Da zaman gida ya kusa kashe ni, shi ya yi magana aka ba ni wannan aiki, kuma bai taɓa goranta min ba. Wani lokaci har nakan ce da ma ya goranta, in samu abin riƙewa.

Uwargidansa, wadda nake kira Yaya, ba ta taɓa riƙe sandar wasa ba, amma kullum tana gefensa a keke, da lema da gorar ruwa. Tun daga nesa za ka ji ta tana masa faɗa: ya yi hagu, ya rage gudu, wai shi makaho ne da bai ga bishiya ba? Mu kuwa mu yi ta dariya, muna cewa Kyaftin ne a kulob amma kurtu ne a keke. Sai da ta rasu bara na gane ba faɗa take yi ba. Ita ce idonsa. Ta rufa masa asiri da tsiwa har ta koma ga Mahaliccinta, babu wanda ya lura, har ni mai taƙama da ilimi.

Da aka kwana biyu ya dawo wasa, shi kaɗai, da sassafe kafin jama'a su taru. Ya ɗaura farin mayafinta a ƙarfen kujerar gefe. Ba ya bari kowa ya zauna a wurin, ko jaka ba ya ajiyewa. In ya hau, sai ya ɗan dakata kamar mai jiran wani ya gyara zama, sannan ya taka. In iska ta cika mayafin, wallahi daga nesa sai ki rantse mutum ne. Wata safiya na tsinci kaina na ɗaga hannu ina gaishe ta. Sai da na sauke hannun na tuna ni na kama makararta.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Akwai rafi da ya ratsa filin, mai zurfin gaɓa da duwatsu a ƙasa. Da can akwai gadar katako a ƙarshen wani gangare, ita muka sani shekara da shekaru. Bayan rasuwar Yaya kulob ya rushe gadar, ya gina ta siminti can gaba, aka fasa tsohuwar hanya aka shuka ciyawa, aka kafa ɗan allo mai kibiya. Kowa ya saba da sabuwar hanya, ban da hannun Kyaftin. In na fito zagayen farko, raɓa ba ta bushe ba, sai in ga sawun taya biyu sun bar siminti, sun gangara sak zuwa inda gada take a da, sun tsaya, sun yi baya. Ranar farko tsakaninsu da gaɓa akwai tazara. Yanzu in na tsaya a inda suka ƙare, ruwa nake gani a ƙarƙashin takalmina. Ban san abin da ke tsayar da shi ba. Na taɓa laɓewa bayan bishiya na gani da idona: ya gangaro, ya ja birki daf da baki, ya juya ya dubi kujerar da babu kowa, ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa magana, sannan ya yi ribas.

Da a ce shi kaɗai ne, da na ce ransa ne. Amma makon jiya mai ban-ruwanmu, magidanci mai 'ya'ya, yana durƙushe bayan wani ɗan tudu yana gyaran famfo, Kyaftin ya sauko ta kansa. Keken nan ba shi da ƙara, Malama, kamar kyanwa yake tafiya. Tayar ta bi ta kan hularsa da ya ajiye a gefen gwiwarsa. Kyaftin bai ma san an yi ba. Mutumin ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya dube ni, bai ce uffan ba, don ya san wane ne Kyaftin kuma ya san wane ne ni a wurin Kyaftin. Wannan kallon yana bina har gida. Ko a kan titi nake tafiya sai in riƙa waiwaye, ina jin kamar wani abu na gangaro min a baya shiru.

Na gwada zolaya, na ce masa tsufa ya zo, ya kawo sitiyarin in riƙa jan sa. Ya yi dariya ya ce wanda bai taɓa mallakar mota ba ne zai koya masa tuƙi? Ya ce kuma kujerar gefen da nake so ya koma, akwai mutum a kanta. Na kira 'yarsa, ta fashe da kuka ta ce don Allah Baba a ƙyale shi, filin nan kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. Gaskiyarta. Gwiwoyinsa ba za su kai shi ko rami na biyu a ƙasa ba. Ranar da aka karɓe makullin, ranar aka rufe shi da rai.

Kalma ɗaya zan faɗa wa manaja a gama. Amma kin san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Za a ce wanda aka yi wa rana ya yi wa mutum dare. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, akwai wani lungu a zuciyata da yake jin daɗin a ce yau ni ne zan ce wa Kyaftin sauka. Da na ji wannan daɗin sai in fasa, in ce ba don Allah zan yi ba. Da na fasa kuma sai gari ya waye in je in duba sawu.

In kai shi, ko in yi shiru in ci gaba da binsa a baya?

Tsohon malami mai gadin ciyawa

Amsa

Baba, Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ku haƙurin rashinta. Na ce ku, don wasiƙarka ta nuna ba Kyaftin kaɗai ya yi rashi ba.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Gobe, kafin a fitar da keke ko ɗaya, ka sa manaja ya toshe tsohuwar hanyar nan da abin da zai iya tare keke, turaku ko shinge mai ƙarfi, tun daga saman gangaren. Allo mai kibiya na mai gani ne. Wannan ba ya buƙatar ka ambaci sunan kowa. Ka nuna masa sawun, ka ce ana kuskuren hanya, kuma aikinka ne ka faɗa. A kuma riƙa kafa tuta mai haske a duk inda ma'aikaci ya durƙusa yana aiki.

Amma shinge rafi kaɗai zai tare, ba zai tare mutum daga taya ba. A zaɓi biyun da ka kawo min, ka cire shiru daga ciki. 'Yarsa tana da gaskiya cewa filin ne ke riƙe da shi, kai ma kana da gaskiya cewa amana ba abar wasa ba ce. Sai dai akwai mutum na uku da babu wanda ya tambaya, shi ne mai ban-ruwa. Shi bai ci alherin Kyaftin ba, bai kamata a biya alherin da ƙafarsa ba. Ka same shi ka ce masa ka gani, kuma ka ɗauki mataki. Shirunsa ba yafiya ba ce, tsoro ne.

Kafin ka je ofis, ka je gida. Ka same shi a ɗakinsa, ba a gaban mambobi ba, kuma ban da zolaya, don da zolaya ya kuɓuce maka wancan karon. Ka faɗa masa abin da ka gani a bakin rafi, ka faɗa masa zancen hular. Ka ce bai san an yi ba, to yana da haƙƙin ya sani. Mutumin da ya shugabanci 'yan wasa ya san ma'anar a ce ya kusa taka ma'aikaci, wataƙila wannan ya shige shi fiye da tsoron ransa.

Sannan ka lura, abin da yake karewa biyu ne: sitiyari da kujerar matarsa. Da ka ce za ka ja shi, ta yiwu abin da ya ji shi ne wani zai shiga tsakaninsa da ita. To kada ka nemi wurinta. Ka roƙe shi shi ya koma can, kusa da mayafin, ya riƙa yi wa direba irin faɗan da ake masa. Ya san kowane lungu na filin, bakinsa kuma lafiya lau. Ka nemi manaja ya ba ka wannan sa'ar ta safe ka riƙa tuƙa shi, ko ya ba shi direba. Makulli ake so ya bari, ba fili ba.

Ita kuma 'yarsa, ka sake kiran ta. Kuka ba zai duba idon mahaifinta ba. Ta kai shi likitan ido, ta kuma gaya wa likita zancen mantuwar hanya da juyawar da yake yi ga kujera. Wataƙila baƙin ciki ne kawai, wataƙila akwai abin da ke da magani. Ni da kai ba mu ne za mu yanke ba.

In duk an yi wannan ya ƙi, ka gaya masa a fuskarsa cewa za ka je wurin manaja, sannan ka je. Wanda ya sanar kafin ya tafi bai ci amana ba.

Batun lungun zuciyarka, Baba, kada ka ba shi girman da bai kai ba. Wanda ya daɗe a bayan wani ba ya rasa irin wannan raɗa. Amma mai neman ramuwa ba ya sammako ya je bakin rafi yana fargaba. Ba sai zuciyarka ta wanke tas za ka tsayar da keke ba. Yi abin da ya dace, daɗin banzan nan zai mutu da kansa ranar da ka ga fuskarsa.

Zai yi fushi, ƙila ya daɗe bai amsa gaisuwarka ba. Ka bar shi ya yi. Fushi aikin mai rai ne.

Allah ya tsare ku duka, ya sa ku daɗe kuna faɗa da juna.