Takaba Na Yi, Ba Gudun Aiki Ba

Zuwa ga Dakta, Shugaban Sashen Haihuwa na asibitinmu da ke Al Wakrah, ƙasar Qatar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya tare da iyali. Na rubuto da Hausa kuma a bainar jama'a, domin kai Bahaushe ne, kuma 'yan'uwanmu na Doha sun cancanci su ji.

Na ɗaya. Shekarata goma sha tara ina aikin ungozoma a asibitin nan. Biyu daga cikin 'ya'yanka a hannuna suka faɗo. Bana asibiti zai miƙa sunayen masu ƙwarewa ta musamman domin neman izinin zama na dindindin. Sunana yana ciki, aka cire.

Na biyu. Dalilin da aka ba ni shi ne wani layi a fayil ɗina: wai na yi watsi da aiki. Ga yadda aka yi. Muna hutu a Zariya ciwon maigidana ya tashi, na yi jinyarsa wata biyu, Allah ya karɓi abinsa. Ran sadakar uku ka kira ni ta'aziyya. Da bakinka ka ce in zauna in gama takaba, takardu kuma kai za ka ji da su. Ban ce ka rubuto mini ba. Wace mace ce za ta nemi sa hannu a wurin mai yi mata gaisuwar mijinta? Laifina ke nan, na ɗauka.

Na uku. Jinya da takaba suka zarce wata shida, iyakar abin da dokar ƙasar nan ta yarda mutum ya yi a waje ba takarda. Ba ka kai takarda ko ɗaya ofishin ma'aikata ba. Izinin zamana ya mutu, aka sake mini sabo kamar wadda ta sauka jiya. Da Bature ne shugabana, da na ce bai san wata huɗu da kwana goma ba. Kai fa? Na je ofishinka sau uku, kullum amsar ɗaya: insha Allah.

Na huɗu. Ba don kwaɗayin katin zaman dindindin nake wannan ba. 'Yata Hauwa tana da sikila. A nan aka haife ta, a nan likitocinta suke, kuma zamanta rataye yake da aikina. Saura mini 'yan shekaru in yi ritaya. Ranar da aka sallame ni, ranar za a sallami jinyarta.

Buƙatata biyu ce. Ka rubuta cewa da izininka na zauna. Ka kai ofishin ma'aikata da ƙafarka kafin a rufe sunaye ƙarshen watan nan.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka girma. Idan wa'adinka ya yi, Allah ya ba iyalinka shugaban da zai tuna abin da ya faɗa ranar gaisuwa.

Wassalam,
Hajiya Bilkisu, ungozoma.