Fitilar Abdul-Rauf Ba Ta Mutu Ba

Moshi Zongo, Tamale.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Jibirilu, a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon ƙugun da na ji labarinsa a bakin mutane, tun da kai ba ka ga damar faɗa mini ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka bana, masarar da na shuka can bayan Choggu ta yi kyau, gwiwa ce dai ta ƙi ni. Zakia ta sauka lafiya a Sagnarigu, namiji, an sa masa sunan Baba. Maƙwabcina Malam Imoru ne ke riƙe da alƙalami, ni ke magana, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya, don na san halin 'yan boko.

Ka san ba haka kawai zan aiko maka takarda ba. Tun rasuwar matata Zaratu, da ka turo mini ta'aziyya da murya a waya, wadda ko minti ɗaya ba ta cika ba, na ce na gama da kai. Shekara arba'in matar nan tana tuƙa maka tuwo duk zuwanka. Ban manta ba, ba kuma zan yi kamar na manta ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma maganar yau ba tawa ba ce, ta 'yarka Mubarika ce, wadda Zaratu ta bar mini.

Shekara biyu ke nan tana aiki da wani kamfani wanda ba shi da ƙofa. Ba ofis, ba maigadi, ba inda za ka je ka yi sallama a amsa. Aikinsu, yadda ta bayyana mini, gyaran suna ne: in wani babba ya yi abin kunya, su ke rubuta masa kalmomin ban haƙuri ya karanta kamar daga zuciyarsa suka fito. A ɗakin uwarta take zama da kwamfuta tun safe. Ƙarfe tara fuskoki su fito cikin ƙananan akwatuna, kowa da murmushi, shugabarsu da suke kira Madam ta ce musu su duka dangi ɗaya ne. Na ce wane irin dangi ne ba su san hanyar gidanka ba. An kuma umarce su kowa ya sa hoton farin ɗaki mai furanni a bayansa, kada a ga gidansa. Wata rana na ratsa ta bayanta da buta, na leƙa gilashin kwamfutar, wallahi Jibirilu ban ga kaina ba. Buta kawai na gani da yatsu huɗu suna wucewa cikin iska. A gidan da na gina da hannuna.

Yanzu ka saurara da kyau. Kusa da sunan kowane ma'aikaci akwai 'yar fitila kore. Muddin hannunka na motsa ɗan abin nan da suke kira ɓera, fitilar tana kore. Ka ɗaga hannu ka je ko alwala, sai ta canja launi, Madam ta aiko tambaya ina ka tafi. Akwai wani abokin aikinta, Abdul-Rauf, mutumin Bawku ne amma a Asawase yake haya, nan kusa da kai. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kullum tare suke aiki, shi ke sa ta dariya, har in ji daga tsakar gida. Shi ya koya mata dabara: ta ɗora ɓeran a kan fuskar agogon hannu, tsinken da ke zagayawa ya riƙa ruɗin na'urar, ta zaci mutum na nan. Da haka take samun yin azahar. Agogona ta ɗauka, wanda ka kawo mini daga Makka, abu ɗaya tak da ka taɓa ba ni.

Ashe bawan Allah nan ba shi da lafiya, ya ɓoye, don a wurinsu wanda ya cika cewa ba shi da lafiya sai a fara yi masa magana mai daɗi, daga nan aikinsa ya koma hannun wani. Sai ya tsara gaisuwar safe ta kwanaki masu yawa, wadda na'ura za ta riƙa turawa da kanta. Ranar wata Talata ya ɗora ɓeransa kan agogo, ya ja ƙofa, ya tafi asibiti da niyyar dawowa kafin la'asar. Bai dawo ba. A ranar Allah Ya karɓi abinsa, washegari aka binne shi. Kwana tara babu wanda ya sani a cikin dangin nan nasa na gilashi. Fitilarsa kore, gaisuwarsa na zuwa ƙarfe takwas, Mubarika na amsawa, har tana yi masa tsiya wai ya yi girman kai ba ya mayar da magana. Sai da ƙanwarsa Zuleiha ta buɗe wayarsa ta ga sunan Mubarika a sama, ta kira.

Da Madam ta ji, ta ce a yi shiru na minti ɗaya. Ina bakin ƙofa ina kallo. Suka sunkuyar da kai, wasu suka tura hoton fure, minti ya cika, ta ce to a koma maganar kamfanin sabulu. Ko Fatiha babu. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Yau mako uku, fitilar ba ta mutu ba. Mai gidan hayar ya kulle ɗakin, ya ce ba zai buɗe ba sai wani dattijo ya tsaya, kawun marigayin kuwa na Bawku bai samu zuwa ba. Kwamfutar na ciki a jone da wuta, agogo na ta zagayawa. Madam ta ce ta miƙa maganar ga mai kula da wannan, shi kuma ya ce ba huruminsa ba ne. Kowace safiya ƙarfe takwas na'urar Mubarika ta yi ƙara, mamaci ya tambaye ta yaya ta kwana.

Yarinyar nan ta daina cin abinci. Tuwo ya huce a ƙofarta, kaji su yi ta zagayarsa. Shekaranjiya na shiga na tarar tana rubuta masa amsa. Na yi mata faɗa, na ce wanda ya tafi addu'a yake so. Ta dube ni da idon da ban san ta da shi ba, ta ce ita ba ta taɓa ganinsa da rai ba balle ta gan shi a mace, fitila da gaisuwa ta sani, kuma ga su nan ba abin da ya ragu, to me ya mutu. Na ɗauke agogona daga ƙarƙashin ɓeranta, na ce ba zan mayar ba ko Madam za ta zo da kanta. Amma na kasa ɗaura shi. Yana cikin aljihun rigar da na rataye, da tsakar rana ina jin tafiyarsa daga inda nake zaune.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, ni ne babba. Malam Imoru zai rubuta maka lambar Zuleiha a ƙasan takardar nan. Ka neme ta, ta kai ka kabarin, ka tsaya ka yi masa addu'a, ka ga ƙasar da idonka, don Mubarika tana jin maganarka, in ka ce ka gani za ta yarda. Daga nan ka je wurin mai gidan da farin gemunka da sunanka na Alhaji, ka tsaya a matsayin dattijon da yake nema, ya buɗe ɗakin. Ba sai ka iya kwamfuta ba, ni ma ban iya ba. Za ka ga ɗan abu kamar ƙwai a kan agogo. Ka yi bismilla ka ɗaga shi, ka ajiye gefe. Shi ke nan. Daga Aboabo zuwa Asawase ko da ciwon ƙugu ana zuwa.

Ka gaida Hajiya Mulikatu, da Abdul-Kudus da matarsa, da Mma in har yanzu tana gane mutane. Zakia mai jego tana gaisuwa. Mubarika ba ta san na rubuta ba.

Kada ka turo mini murya a waya cewa ka yi. Zan zauna a bayan Mubarika, inda gilashi ba ya ganina, ina kallon fitilar. Ranar da fitilar ta mutu zan san ka je da ƙafarka, kuma a ranar zan yafe maka maganar Zaratu.

Ni ne yayanka,
Sayibu.