Matan Bangon Tasha

Litinin, 3 ga Maris
Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin Inna ya shanye. Wanka, magani, juya ta, wanki. Yaya ya kira, wai sannu da ƙoƙari. Shi ke nan fa.
Abin kallona ɗaya ne, zanen da ke bangon tashar bas, daidai tagarmu. Mata uku: mai goyo, mai kwando, da wadda ta ɗaga kai tana dariya. Ban san wa ya zana su ba.

Laraba, 5 ga Maris
An manna tallan maganin basir a fuskar mai dariyar. Haushi ya hana ni cin abinci. Na san wauta ce.

Asabar, 8 ga Maris
Dattijuwar da ke sharar titinmu ta ajiye tsintsiya, ta jiƙa tsumma, tana ɓare takardun da farce a hankali, yadda nake cire wa Inna bandeji. Masu jiran mota sai dariya suke mata. Na gaishe ta ta taga. Ta ce ba aikinta ba ne, amma ba ta iya wuce mace an toshe mata baki.

Talata, 11 ga Maris
Zanin gado uku na wanke yau. Na daka wa Inna tsawa. Ta yi ta kallona. Allah Ya yafe mini.

Jumma'a, 14 ga Maris
An mayar da dattijuwar wata unguwa. Ta miƙo mini tsummanta ta taga. "Ruwan ɗumi kawai, 'yata. In kika yi gaggawa fentin zai biyo takardar." Na ce Baba, ni da ko ƙofar gida ba na kaiwa? Ta ce taku ashirin ne, ta ƙirga.

Lahadi, 16 ga Maris
Sun sake mannawa, har kan jaririn.
Na kira Yaya. Ban roƙe shi ba, cewa na yi ya zo ya zauna da mahaifiyarsa. Ya zo yana cin magani. Na nuna masa yadda ake juya ta, na ɗauki bokiti.
Da ƙyar na fito da ido ɗaya da rabin bakin mai dariyar daga ƙarƙashin takardun. Wata mai jiran bas ta riƙe mini bokitin har motarta ta wuce ta.
Ba wani abu ba ne. Ban dai koma gida nan take ba, sai da na zaga ta bayan tasha. Na ce wa Yaya sai Lahadi mai zuwa.