Askar Gobir a Sararin Riyad

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Faɗowa ta ashirin da uku. Saura faɗowa biyu in karɓi lasisi. Shekara shida ina durƙushe a rumfar kulob ɗin nan ina naɗe wa mutane lemar sauka, su diro daga jirgi, su dawo min da ita a hargitse, in sake naɗewa. Yau ga shi ni ma ina ƙirga nawa. Ni Laouali, telan kasuwar Tibiri! Idan na tuna sai dariya ta kama ni.

Kaftin Mishari, malaminmu, ya ce daga ranar lasisi ba sauran aron hular kwanon ɗalibai, kowa ya nemi tasa. Iri biyu ce. Akwai mai buɗaɗɗiyar fuska, wadda ake haɗa ta da tabarau, iska tana dukan kumatu yadda take so. Akwai kuma mai rufe kai duka har haɓa, da gilashi a gaba. Ya ce in yi tunani. Wane tunani? Akwai wata baƙa mai duhun gilashi a kabad ɗin ofis, wata huɗu ke nan ina gaishe ta duk safiya.

Talata, 7 ga Janairu

Ba aiki yau. Na wuni a ɗakinmu na unguwar Al-Naseem ina kallon silin.

Mamane, abokin ɗakina kuma abokin naɗin lema, ya gano ni. Ya ce, "Bagobiri, ba iska kake gudu ba, ido kake gudu." Na ce ɗan Damagaram me ya sani, ya je ya duba shinkafarsa tana kamawa.

Amma a littafin nan ba wanda zan yi wa ƙarya. Askar Gobir ce: shida a wannan kunci, bakwai a wancan, daga gefen baki har kusa da kunne. A gida ba wanda ke ganinsu, fuska ce kawai. A nan, makona na farko wani mai kirki ya riƙe hannuna a masallaci, idonsa ya cika da tausayi, ya tambaye ni wa ya yi min haka, kuma na kai ƙara? Da dariya ya yi da ta fi min sauƙi. Da korona ta zo na sa takunkumi, sai na ji daɗin duniya. Kowa ya cire nasa tuntuni, ni har yau. Ko a sama, ƙyalle nake ja har ƙarƙashin tabarau. Kaftin ya yi mita ya gaji, ya ce in dai yana ganin idona, khalas, shi ke nan.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ƙanwata Zouera ta kira ta bidiyo. Gogo na kan tabarma, ta ƙara ƙanƙancewa. Yayar babanmu ce, amma ita ta raine mu, kuma ita ta riƙe ni a cinya ranar da wanzami ya yi min askar nan. Yanzu abubuwa suna zube mata. Sunaye sun tafi, muryata ma ba ta ɗauka. Sai na juya kunci na kawo shi kusa da waya, ta ɗora yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa. In ta kai bakwai sai fuskarta ta washe.

"Lawwali na. Kana cin abinci?"

Na ce mata yanzu ina faɗowa daga sama, daga inda shirwa ma ba ta kai. Ta ce ƙarya nake, tun ina yaro nake da ita. Sai can ta ce, "To in gani." Zouera ta ce tunda Gogo ta nemi abu da bakinta, in yi sauri, don ba kullum take nema ba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Lema talatin da ɗaya na naɗe. Gwiwoyina ba nawa ba ne.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ashirin da huɗu, kuma da baƙar hular. Kaftin ya ba ni aronta in gwada, shi kuma ya biyo ni da kyamara.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Da na rufe gilashin a bakin ƙofar jirgi, sai hayaniyar duniya ta koma nesa. Mita dubu huɗu. Na saki kaina. Kullum iska ihu take yi a kunnena, yau sai ta zama kamar ruwan sama a kan rufin maƙwabta. Ba sanyi, ba hawaye. Numfashina kaɗai nake ji. Hamada a ƙasa ja-ja, titi siriri ya ratsa ta, can kudu dogayen benayen birni suna tsaye cikin hazo ba su taɓa ƙasa ba. Na ji ni ba kowa ba ne. Ba baƙo mai takardar iƙama ba, ba ɗan wata ƙasa ba, ba mai aska ba. Wani abu ne kawai baƙi yana saukowa a hankali, ko da yake agogon auna tsayi da ke hannuna yana cewa ba a hankali ba ne. Da za a bar ni da na zauna a wurin har la'asar.

Aibinta biyu. Ina ta salati, tururin bakina ya lulluɓe ƙasan gilashin, sai da na sunkuyar da kai sosai kafin in ga mariƙan lema da ke ƙirjina. Kuma da lema ta buɗe, Kaftin ya wuce ta gefena yana min magana, ban ji ko kalma ba. Ya ce duk ana sabawa, a ɗan ɗaga gilashin in lema ta buɗe. Ya ce ga kariya ga haɓa da haƙori in an yi karo. Shi ma irinta yake sawa.

Na tura wa Zouera bidiyon tun kafin in cire takalmi. Ina sonta, hular nan. Ina sonta ƙwarai.

Litinin, 13 ga Janairu

Saƙon murya daga Zouera. Ta nuna wa Gogo sau uku. Gogo ta ɗora yatsa tana neman inda za ta ƙirga, ba ta samu ba. Ta ture wayar ta ce, "Wannan tulu ne da hannu. Lawwali na yana da fuska."

Zouera tana dariya tana ba ni labari, amma ƙarshen saƙon ba dariya ba ce. Na saurara sau ɗaya, na kife wayar.

Laraba, 15 ga Janairu

Na nemi dabara. Na ce a samo mai farin gilashi. Na gwada a madubin bayi: ido da hanci sun fito, amma abin haɓar ya haɗiye kumatun duka, daidai inda askar take. Ba tsaka-tsaki ke nan.

Ga kuma abin da na sani tun da. Al'adar kulob ce, bidiyon ranar lasisin kowa sai an ɗora shi a shafinsu, dubban mutane suna kallo, kowa da abin da zai rubuta a ƙasa. Zan iya roƙon Kaftin ya tsallake nawa. Sai ya tambaye ni dalili, ni kuma sai in ce me? In ce ina jin kunyar abin da Gogo ta riƙe ni aka yi min?

Mamane ya ce, "Ka yi lasisin da baƙar, daga baya ka yi wa tsohuwa nata daban." Magana mai hankali. Sai dai Kaftin zai tafi Jidda wata biyu daga jibin lasisi, kuma shi kaɗai ke bin ma'aikata da kyamara. Na ce wata biyu ba yawa. Mamane ya ci gaba da jera igiyoyin lemarsa.

Da rana na ɗan kishingiɗa a inuwar rumfa. Na yi mafarki ina saukowa a kan Tibiri, ina ganin rumbuna da bishiyar bedi, darbejiyar gidanmu, mata sun fito suna kallon sama. Ina ta kiran sunayensu a cikin hular, ba mai ji.

Juma'a, 17 ga Janairu

Zouera ta ce yau Gogo ba ta gane ta ba sai bayan azahar. Ita da ke ba ta koko da hannunta.

Asabar, 18 ga Janairu

Bayan an tashi na shiga ofis. Na ɗauki baƙar na shafa ta, na sa, na cire. A ƙasan kabad akwai wata fara mai buɗaɗɗiyar fuska, ba ta da wani kyau, kamar ƙwaryar da aka kife. Mai ofis ya ce, "Yalla ya Lawwali, wacce?" Na tsaya ina duban su biyun har ya koma kan wayarsa.

Na fito da ɗaya a jaka. Mamane ya miƙa hannu zai leƙa, na buge hannun.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ashirin da biyar.

Farar na saya. Amma ko a cikin jirgi ƙyallena yana nan, na ja shi har ƙarƙashin tabarau, ina ce wa kaina saboda sanyi ne. Mu tara ne a ciki, har da baƙi biyu. Aka kunna fitilar ƙofa. Kaftin ya duba maɗaurina, ya dubi ƙyallen. Ya fita ya maƙale a gefen ƙofa, kyamara tana kallona. A nan na sa yatsa na ja shi ƙasa zuwa wuya.

Wayyo iska! Ashe duk faɗowar da na yi ban taɓa gaisawa da ita ba. Ta cika min baki, ta kama kumatuna tana kaɗawa. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba: sanyin yana bin askar layi-layi, kowane da hanyarsa, daga baki zuwa kunne. Ina iya ƙirga su ba tare da na taɓa ba. Kamar yatsa. Na tuna cinyar da ban isa in tuna ba.

Kaftin ya matso gab da ni. Na juya masa wannan kunci, na riƙe, na juya masa wancan, na riƙe. Shi ya ɗauka salo nake yi, har ya ɗaga min babban yatsa. Ban ga hamada ba yau, ban ga benaye ba. Da lema ta buɗe na ji komai: kaɗawar ƙyallenta, wata mota can ƙasa, da muryata ina kiran Gogo kamar mahaukaci.

Na sauka da majina har haɓa. An ba ni lasisi, an tafa. An ɗora bidiyon da yamma. Ban buɗe abin da aka rubuta a ƙasa ba, ba kuma zan buɗe ba. Wataƙila gobe.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya shiru, Gogo ta wuni tana barci. Na ƙi cin abinci, na ce wa Mamane cikina ne.

Yau da hantsi saƙo ya shigo. Zouera ta tsayar da hoton daidai inda na juya kunci, ta bar wayar ɗanta tana ɗaukar murya. Ina jin numfashin Gogo. Ɗaya, biyu, a hankali, ta tsaya a huɗu har na ce shi ke nan. Sai biyar. Shida. Bakwai.

"Lawwali ne. Kai, Lawwali ne a sama! Zouera, wa ya bar shi ya fita cikin iskar nan baki buɗe? Zai yi mura."

Sau nawa na saurara, ban ƙirga ba.

Da la'asar na je kantin bakin titi sayen burodi da madara. Sai da na dawo na ga takunkumin rataye a ƙusar bayan ƙofa. Mantuwa ce. Mai kantin ya ɗan dube ni, ya ce ashe haka fuskata take, shekara biyar bai sani ba. Na ce haka take.

Baƙar hular tana nan a kabad, gobe zan gaishe ta kamar kullum. Ga alama murar ta kama ni.