Harshen Da Na Ce Ba Na Ji

Litinin, 6 ga Afrilu, 1953. Tai Po.
An ƙara wa motar magani zango ɗaya. Daga gobe, kowace Talata za mu tsaya a Sha Wan, inda masunta 'yan ƙabilar Hoklo ke ɗaure jiragensu. Likita Kwong ne ya karanta mana takardar da ta zo daga Hong Kong, yana yatsine fuska. Ya ce, "Mutanen ruwa. Yuk-ying, ki ƙaro sabulu." Baba Pun direba ya ce shi dai motarsa ba ta iya iyo ba, iyakarsa bakin gadar katakon da jirage ke tsayawa.
Suka yi dariya, na taya su. Tawa ma ta fi ƙarfi.

Talata, 7 ga Afrilu.
Mun je. Tun kafin mota ta gangara na ji warin busasshen kifi da kwalta. Mata sun yi layi ba takalmi, da goyo, da yara ɗaure da gora a baya don kada su nitse in sun faɗa ruwa. Na wanke gyambo goma sha ɗaya, na ɗiga maganin ido har hannuna ya gaji.
Suna magana a kaina, a gabana. Wata ta ce, "Dubi takalminta, fari kamar cikin kifi." Wata ta ce, "Ja da baya, kar ki ɓata mata riga, 'yar birni ce."
Likita ya ce, "Kina tsintar wani abu a yarensu?" Na ce, "A'a, Likita. Ko kalma ɗaya."
To bari in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa. A cikin jirgi aka haife ni, a wannan ruwan. Sunana na can Tai-mui. Guguwar shekarar talatin da bakwai ta tafi da babana da innata da ƙannena biyu, ni kuma aka tsince ni a gonar shinkafa, sistocin mishan suka raine ni, suka sa mini takalmi. Tun ina makarantar koyon jinya nake cewa mahaifina ɗan kasuwar yadi ne a birnin Kanton. Na faɗa har na san kalar ƙofar kantin.

Lahadi, 12 ga Afrilu.
Abincin rana a gidan su Man-fai, wanda zan aura. Mamarsa ta dafa kifi, ta ce an duba mata ranar aurenmu, watan tara ya fi kyau. Tana kallon yadda nake zare ƙaya sai ta ce, "Kai, wannan hannu, sai ka ce 'yar masunta." Kowa ya yi dariya. Ta ƙara da cewa Allah ya kiyaye, su a zuri'arsu ba a taɓa haɗa jini da mutanen ruwa ba.
Daga nan na riƙa barin ƙaya a cikin naman da gangan.

Talata, 14 ga Afrilu.
Ban san ta inda zan fara ba.
Mun kusa tashi, na fara haɗa kwalabe, sai wata mata ta zo da gudu, wandonta jiƙe har gwiwa. Ba ta bi layi ba. Ba ta jin yaren birni ko kaɗan. Ta tsaya gaban Likita tana ta magana, tana kama muƙamuƙinta da hannu biyu, tana cije haƙora.
Na ji komai. Cewa take mijinta ya taka ƙusar katako kwana takwas da suka wuce, tun jiya bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko kunun shinkafa ba ya wucewa, bayansa yana banƙarewa. Yana kwance a jirgi, ga shi can, ba nisa. A zo a gani.
Likita ya ce, "Haƙori ne. Buɗe baki." Ta buɗe, don ta ga ya nuna. Ya ga wani ruɓaɓɓe a can ciki, ya ce, "Ga shi nan. Yuk-ying, asfirin shida."
Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga fuskar Likita, na tuno ta mamar Man-fai, na ce a raina bari in nemi dabarar da zan faɗa ba tare da an gane ba. Ina neman dabarar hannuna yana ƙirga ƙwayoyi. Na naɗe a takarda na miƙa mata. Ta kama hannun rigata ta maimaita, a hankali, kamar mai yi wa kurma magana. Na zare hannuna.
Baba Pun ya tayar da mota.

Laraba, 15 ga Afrilu.
Ciwon sarƙe haƙora ne, wato tetanus. Ba sai na duba littafi ba. Na duba.

Alhamis, 16 ga Afrilu.
Ƙauyukan kan tudu yau, rigakafin agana. Na fasa kwalbar aidin a kan farar rigata. A hanya na ce, "Likita, matar nan ta ranar Talata, anya haƙori ne kuwa?" Ya ce, "Wace mata?" Na ce ba komai.
Motar asibiti za ta iya zuwa Sha Wan cikin awa ɗaya in aka buga waya. Akwai waya a ofishinmu, a kan teburin da nake cin abinci. Amma sai an tambaye ni yadda aka yi na sani.
Ran Asabar zan je da kaina. Wataƙila bakin nasa ya sake. Wasu suna sakewa.

Asabar, 18 ga Afrilu.
Na tashi aiki da rana na hau bas, sauran hanyar na taka da ƙafa. Na sa kayan gida.
Ban tambayi kowa ba. Jirgi ɗaya ne aka ɗaura wa farin ƙyallen makoki.
Jiya ya rasu, da hantsi. Sunansa So Fo-hei. Yaransu huɗu, duk mata, babbar ba ta fi sha biyu ba. Matar tana zaune a bayan jirgi tana ƙona takardun da ake ƙona wa mamaci bisa al'ada a cikin tsohon gwangwani. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi mamaki ba.
Na tsaya a kan gada, na kira ta Yaya, da harshenmu. Muryata ta fito kamar ta ƙaramar yarinya, don rabona da shi tun ina shekara tara.
Ta ce, "Ai na san kin ji ni."

Ta ƙara da cewa, "Da na ce yana jirgi, kin waiga kin dubi ruwa tun kafin in nuna. Likitan bai waiga ba."
Na so ta zage ni. Na so ta watso mini tokar nan. Sai ta shiga rumfar jirgin ta fito da ƙunshin takarda ta ɗora a kan katako kusa da ƙafata. Asfirin ɗin ne, shida cif. Ta ce, "Bakinsa bai buɗe ba balle ya sha. Ki mayar, ko wani zai amfana."
Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Kin tsaya mini a iska, wutar tana mutuwa."
Na matsa.

Talata, 21 ga Afrilu.
Na aika cewa ina zazzaɓi. Ba ni da komai. Na kwanta na juya wa taga baya har la'asar.

Alhamis, 23 ga Afrilu.
Likita ya shiga gidan mai gari shan shayi, ya bar ni da Baba Pun a mota. Yana ɓare gyaɗa yana zuba ɓawon ta taga. Ya ce ran Talata mutum uku kacal suka zo a Sha Wan. An ce motar gwamnati ba ta da kunne.
Can ya ce, "'Yar nan, ni direba ne, aikina kallon madubi. Ranar farko na ga yadda kika bi katakon gadar nan da tire a hannu, ko igiya ba ki dafa ba. Likita kuwa da rarrafe ya wuce."
Na ce, "Baba, za ka faɗa?"
Ya ce, "In faɗa wa wa? Matata ma ba ta saurarona." Ya miƙo mini gyaɗa. 
Ashe tun ranar da abin ya faru akwai wanda ya san ina ji. A banza ke nan. Duk a banza.

Asabar, 25 ga Afrilu.
Na tambayi Likita, kamar tambayar karatu, in an kai mai sarƙe haƙora asibiti a kwana na biyu, yana tashi? Ya ce wani ya tashi, wani bai tashi ba, rabi da rabi. Na ɗauka zan ji sauƙi. Rabin da ya tashi nake ta gani.

Talata, 28 ga Afrilu.
Na je.
Ba kowa a bakin gada sai karnuka. Mun kafa tebur mun zauna kusan awa guda. Likita ya fara duba agogo, sai ga matar marigayi So tafe, da farin zaren takaba a gashinta, ta saɓo 'yarta ta biyu a baya. Ƙafar yarinyar naɗe da tsumma. Ta sauke ta a kan benci, ba ta ko dubi Likita ba, ta tsaya a gabana ta ce, "Ɓawon kawa ne, irin mai manne wa katako a ruwa, ya yanke ta shekaranjiya. A katakon da ya kashe ubanta." Sai ta tsaya tana jira.
Mata sun leƙo daga jirage.
Na juya na faɗa wa Likita abin da ta ce, kalma da kalma. Na ce a yi mata allurar sarƙe haƙora yanzu, in babu a akwati mu tafi da ita.
Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ashe kina ji."
Na ce, "Ina ji, Likita."
"Tun yaushe?"
"Tun haihuwa."
Muka wanke ciwon, ya yi allurar da hannunsa. Yana wanke hannu ya dubi matar sosai, ya ce, "Wannan ba ita ce mai haƙori ba?" Na gaya masa abin da ta zo faɗa ran nan, da abin da ya biyo baya. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Da kin…" bai ƙarasa ba. Ya goge hannunsa sau uku da tawul ɗaya.
Muka haɗa kaya muka kama hanyar Tai Po.

Juma'a, 1 ga Mayu.
Likita ba ya kiran sunana yanzu, sai "Nas Tsui", da sunan gidanmu. Bai kai ƙarata ba. Ban san ko don ni ba ne ko don kansa. Na ga ya rubuta a ƙaro allurar sarƙe haƙora a akwatin Talata.

Lahadi, 3 ga Mayu.
Na faɗa wa Man-fai, a tashar jirgin ƙasa. Rabi na faɗa, zancen jirgi da guguwa. Na mutumin da ya mutu ya maƙale. Ya yi ta juya hularsa, ya ce shi bai damu ba, wallahi bai damu ba, amma kar Mama ta ji, ai ba dole ba ne kowa ya sani. Ya riƙe hannuna da kirki.
Maganar da na shekara goma sha shida ina faɗa wa kaina ce. A bakinsa sai na ji ta wani iri.


Talata, 12 ga Mayu.
Mutum arba'in da bakwai. Bandeji ya ƙare, muka yaga tsohon zanin gado. Ƙafar yarinyar ta haɗe, ta zo da kanta tana ɗingishi. Uwar ba ta zo ba. Ba na jin za ta sake zuwa, kuma ba ni da bakin tambaya.
Surutu ya yi yawa yanzu, tunda sun san ana ji. Wata ta ce in gaya wa Likita maganinsa ya fi bakin surukarta ɗaci. Na gaya masa. Ya kusa yin dariya.
Wajen ƙarshe wata tsohuwa mai yanar ido ta zauna ina ɗiga mata magani. Ta laluba fuskata da yatsu masu ƙarnin jatan lande, ta ce, "Wannan bakin na gabas da ruwa ne. Ke 'yar wane ce?"
Likita yana gefena yana rubutu. Baba Pun yana jingine da ƙofar mota.
Na ce, "'Yar Tsui Kam-shui ce, Kaka. Mai jirgin nan mai jan filafili."
Ta ce, "Kam-shui mai rowar gishiri? Ashe ya bar baya." Ta juya tana shelanta wa na bayanta.
Ban san me ya sa na faɗa da ƙarfi haka ba. Kurma ce kaɗan, shi ke nan. Na ce ta ɗaga kai, saura ɗaya idon.