Kyanwar Shagon Aski

Zuwa ga Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Ya 'yarka da maigidanta?

Tun watan da ta ɗauke ka zuwa gidanta na ji ana cewa ka yi sabon abokin musu, wai wani tsohon malamin Turanci. Ban yarda ba. Na ce wa zai iya da kai in ba ni ba? Amma maganar ta ƙi mutuwa. Bencin ƙofar shagona dai yana nan, gefenka ban bar kowa ya zauna ba. Ba wai na damu ba ne, tambaya ce kawai.

Naka,
Mai aski

Zuwa ga Mai aski,

Ina amsawa, ƙafa da sauƙi. Ba a yi maka ƙarya ba. Malam mutum ne mai ilimi. Na ba shi labarin musunmu kan kyanwar shagonka, yadda ta haihu a ƙarƙashin kujerar aski amma ka dage namiji ne, wai 'ya'yan riƙo aka kawo masa. Ya ce Turawa na da kalma don irinmu, "bicker": cacar baki kan abin da bai kai ya kawo ba, yawanci tsakanin waɗanda ba sa rabuwa. A da, wai ƙaramin artabu ake nufi da ita, tushenta kuwa masana ba su daidaita a kai ba. Ka ga irin wanda nake zama da shi yanzu.

A gaida gida,
Tela

Tela,

Gaisuwa. Kyanwata ka kai wa baƙo? Shekara da shekaru muna jan maganar nan, ka miƙa masa ita a zama ɗaya. To, me mai ilimin ya ce?

Mai aski

Mai aski,

Ya buɗe littafi, ya ce ni ke da gaskiya. Shi ke nan, sai aka kawo abinci. Kullum haka, in taso da magana ya kashe ta da shafi ɗaya. Jiya na ce masa rana daga yamma take fitowa, ko zai motsa. Sai ya kira 'yata gefe ya ce a kai ni asibiti.

Ka huta lafiya,
Tela

Tela,

Namiji ne. Ina tafe ranar Asabar, ka ce wa Malam ya matsa.

Af, ka san wa ya kawo mini labarin sabon abokin musun nan naka? 'Yarka. Ta ce kai ka sa ta biyo ta shagona ta faɗa, ta kuma duba maka fuskata.

Naka,
Mai aski