Zagaye na Saba'in da Uku

Zuwa ga maigidana Tatsuro, inuwar da nake fakewa, ƙamshin sabon katakon da ya kama min tufafi, ruwan sanyin da ke gangarowa daga tudunmu,

Yau kwana goma sha tara da tafiyarka arewa aikin rufi, ba wasiƙa, ba waya. Na san dalili, kuma ban ga laifinka ba. Ana gobe za ka tafi na ce maka ka je ka auri rufin, tunda ya fi ni. Da safe ka biyo ni ɗakin bauta da jakarka a kafaɗa, ka kira sunana sau uku, na wuce ka kamar ban taɓa ganinka ba. Wane miji ne zai haɗiye wannan?

Amma rabin raina, ba ka dubi ƙafafuna ba? Ba takalmi. Ba ka ga 'yan takardun da na murɗe a hannuna ba? Zagaye ɗari nake yi, daga dutsen bakin ƙofa zuwa igiyar ƙararrawa, in rusuna, in tafa, in ajiye takarda ɗaya don ƙirge, in dawo. Kai da ka tashi a gindin wurin nan, ka san wadda ta buɗe baki kafin ta cika ɗari ta zubar da roƙonta. Ina kan na saba'in da uku ka iso. Roƙona ɗaya ne: kada ƙafarka ta sake zamewa daga saman rufi kamar bara, lokacin da na yi wata biyu ina ba ka shinkafa a baki.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni ɗakin bautar? Ka nuna min rufin ɓawon itacen da kakanka ya shimfiɗa, ka ce shekara ɗari bakwai wurin yana tsaye, sau biyu gobara ta cinye shi, sau biyu mutanen gari suka tayar da shi. Ni kuwa dutsen nake kallo, yadda kansa ya yi sumul saboda tafukan matan masunta da suka yi ta shafa shi suna jiran jiragen mazajensu. Na ce abin kamar a littafi. Ka yi dariya, ka ce uwar littattafai, wata rana za ki dafa mana takarda a miya. Ashe ni ma tafina zai shiga cikin nasu.

A littattafan da nake karantawa, miji kan dubi idon matarsa sau ɗaya ya gane komai. Nawa mijin jijiyar katako kawai yake iya karantawa. Duk da haka ba zan musanya shi da dubunsu ba.

Ka san abin da ashirin da bakwai ɗin da suka rage suka yi min? Ina jin takunka yana sauka matakala, ina jin kukan jirgin ƙasa daga kwari, tsakuwa na cin tafin ƙafata, sunanka ya cika min baki kamar ruwan zafi, ba halin tofarwa, ba halin haɗiyewa. Da na cika ɗari na ruga tasha haka nan ba takalmi. Tsohuwa mai sayar da tikiti ta dube ni ta ce, 'yata, jirgin ya tafi, sai ki koma ki nemo takalmanki.

An ce ba a faɗin roƙo. To ni na faɗa, domin shirunka ya fi ƙarfina. Idan roƙon ya zube, gobe zan sake wani ɗarin, ƙafafun sun warke.

Ga takarda ta saba'in da uku na sa a ambulan. Ban iya ajiye ta a can ba, sai na tsinka zaren hannun rigata na ajiye a madadinta. Dubi yadda ta cukurkuɗe. Ita na matse lokacin da ka kira ni. Amsata ke nan, ta makara kwana goma sha tara. Ka sa ta a aljihun ƙirji in za ka hau sama, ka ɗaura igiyarka da kyau, sannan ka rubuto min ko da layi ɗaya ne, ko na faɗa ne.

Ka sake kirana, masoyina. Sau ɗaya ya isa.

Taka, muddin dutsen nan na tsaye a bakin ƙofa,
Chizuru